Bakaniken da Ke Sauraren Inji da Haƙori

Kunne ake ce masa, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba, ko da yake su ma ba laifi. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Babur zai karyo kwana daga can bakin titi, shi kuma yana zaune a rumfarsa, ko kai bai ɗaga ba, sai ka ji ya ce, "Ga wani nan tafe, sarƙar baburinsa ta saki, kuma rabonsa da juyen baƙin mai tun haihuwar ɗansa na fari." Mai babur ya iso, a duba, a tarar haka abin yake. Wani lokaci har zancen ɗan farin ma sai a dace.

Rumfar ta kwano ce, tana tsakanin mai faci da mai walda. Ƙasanta ya sha baƙin mai shekara da shekaru har ya daskare, ko ruwan sama ya shigo sai dai ya gangara ya wuce. Akwai benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na sifanu, da wani tsohon gwangwani cike da notina waɗanda babu wanda ya san daga jikin wane babur suka fito, har da shi kansa. A nan ya yi shekara arba'in da 'yan kai. A nan ya samu abin da ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da sito, ya raini 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa.

Wajen kawunsa ya koyi aikin, wani tsoho mai saurin hannu wanda bai yarda a taɓa sifana ba sai an faɗi ciwon babur tukuna. Kawun yakan sa shi ya juya baya, ya tayar da inji, ya ce, "To, mene ne?" In ya faɗa daidai, shiru. In ya kuskure, ranƙwashi. Shi ya sa Kunne yakan ce shi iliminsa ta tsakar ka ya shiga.

Halinsa ɗaya kowa ya sani: in babur da mai shi suka zo gabansa, bayan babur yake bi. Mutum zai turo nasa yana gumi, ya ce, "Baba, jiya-jiya lafiyarsa lau, yau kawai ya ƙi tashi."

Kunne ya buɗe tanki, ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Wace jiyan? Wannan fetur ya fi wata biyar a nan, har ya yi tsami. Ka jingine bawan Allah a bayan ɗaki, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ko tamfol ba ka yafa masa ba, yau ka tashi da uzuri kana so ya yi maka fara'a. Kai in aka yi maka haka, tashi za ka yi?"

Wanda ya wanke babur ya ɗura masa ruwa a bututun hayaƙi ya sha nasa faɗan. Wanda ya bar sarƙa ta bushe ƙamas ya sha nasa. Mutane suna haɗiyewa suna dawowa, don a wajen Kunne ba a kwance maka wuri goma don neman ciwo ɗaya. Zai saurara, ya kai hannu daidai wurin, ka hau ka tafi.

To, wannan kunne da ya ci da shi, ya sha da shi, shi ne ya fara zame masa a hankali, yadda furfura ke shigowa. Inji ta dama shekara arba'in, injin yankan ƙarfen mai walda ta hagu, ai dole. Abin da ya fara lura da shi shi ne wai babura sun gyaru. Ya yi wata guda cur yana yabon masu ƙera su, yana cewa yanzu kam sun koyi aiki, babur sai ya wuce sulu, ko tari babu. Daga nan ya koma ƙorafin cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Siraran ƙararraki ne suka fara tafiya, irin kukan birki da ƙwanƙwasar bawul. Magana kuwa, in an fuskance shi an ɗaga murya yana kamawa, rabi da kunne, rabi da kallon baki. In an kira shi ta baya bai waiga ba, mutanen layi sai su ce tsufa ya ƙara masa jin kai. Bai taɓa musawa ba, don a ganinsa gara a ce masa mai girman kai sau dubu.

Matarsa ce ba a iya yi wa wannan wasan. Wata rana da hantsi yana zaune a tsakar gida yana goge fulogi, ta tsaya a bayansa ta ce, "Malam, na sayar da akwatin sifanunka, na sayi zani."

Ya ji alamar murya, ya gyaɗa kai. "To, madalla."

Ta zagayo gabansa ta tsuguna, ta dube shi ido cikin ido. "Malam, kunnenka ya tafi."

"Ke ce dai kike magana ƙasa-ƙasa."

"Ni? Ni da maƙwabta ke kawo maka ƙarata?"

Ya ajiye fulogin a ƙasa. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya fara kwance inji shi kaɗai. Ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. In aka ji Kunne ba ya ji, me ya rage a rumfar nan? Benci?"

Ta rufa masa, ko 'ya'yansu ba ta gaya wa ba. Amma fa ba kyauta ba. Duk maganar da ta tara a cikinta shekara talatin da biyar, ta danginsa da ta munsharinsa da ta baƙin man da yake shafa wa zanin gado, sai ta tsaya a bayansa ta zazzage abinta, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin zaman aure kamar wannan shekarar ba.

A rumfa kuwa ido ya fara raina fata. Ya koma canke. Sau biyu ya kwance kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, alhali ciwon yana wani wuri, ya ɗora laifin a kan fetur. Akwai tsohuwar dabarar kanikawa ta ɗora bakin sukudireba a jikin inji, a kanga ƙotar a kunne. Ya gwada, abin da ya ji bai taka kara ya karya ba.

Ran nan hannuwansa biyu suna cikin aiki, ba inda zai ajiye dogon sukudirebansa, sai ya cije ƙotar da haƙora. Ya sunkuya, bakin ƙarfen ya taɓa jikin inji yana aiki. Ai sai ƙara ta cika masa ƙoƙon kai tar! Ga fistin yana hawa yana sauka, ga wani bawul can yana ƙwanƙwasa a ɓoye. Ya daskare a sunkuye. Sai da idonsa ya kawo ruwa, don ya fi shekara yana kewar wannan ƙarar, bai san ya yi kewarta haka ba.

Mai baburin, wani dillalin kaji, ya leƙo. "Baba, lafiya? Cin sukudireban za ka yi?"

Kunne ya zare ƙotar daga baki, ya tofar da yawu, ya gyara hula. Ƙarya ta zo masa a shirye kamar da ma jiransa take yi. "Bawul ne. Wannan sauraron manya ne, ɗana. Da kunne 'yan koyo suke ji."

Kafin sati ya zagayo labari ya cika layi: Kunne ya wuce matakin kunne, yanzu da haƙori yake jin inji. Masu babura suka riƙa zuwa har daga nesa, wasu ma lafiyar baburansu ƙalau, kallo kawai ya kawo su. Shi kuma ya ƙara wa abin gishiri. Sai ya sa a yi shiru, ya goge ƙotar da gefen riga, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alhali ko ganga ake bugawa a bayansa ba abin da zai dame shi.

A tsallaken titi akwai wani bakanike da ake kira Dogo, magidanci mai 'ya'ya uku. Hannunsa yana da kyau, kunnensa garau, matsalarsa ɗaya: duk abin da ya ga Kunne ya yi sai ya yi. Yadda Kunne ya ajiye benci haka ya ajiye nasa, yadda yake karkata hula haka yake karkata tasa. Da ya ga sauraron manya, ya je ya sayo sukudireba wanda ya fi na Kunne tsawo. Ya tara mutane, ya sa a yi shiru, ya cije, ya lumshe ido. Lumshe idon ne ya cuce shi, don bakin ƙarfen bai sauka ko'ina ba sai kan wayar fulogi mai tsaga. Wuta ta fizge shi, ya yi sama ya dawo, haƙorinsa na gaba ya ɓantare rabi.

Kunne ya tsallaka da kansa ya yi masa jaje. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sannu, ɗana. Abin sai a hankali, ba rana ɗaya ake kaiwa nan ba." Sannan ya koma bayan rumfarsa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni dai ban ce ya kyauta ba.

Haka aka ci shekara biyu, asiri a rufe, suna sai ƙaruwa yake yi.

Sai zancen baburin Auta ya taso. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti can bayan gari. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa nesa, ya bar baburinsa a siton gidansu shi da Auta, kusa da buhunan hatsi, a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Wata goma yana nan. Da jiran motar haya ya ishi Auta, kullum tana makara kullum ana yi mata faɗa, sai ta ce ita za ta hau, da ma ta iya tun tana gida. Aka ɗoro babur a kan amalanke aka kawo wa Baba.

Kunne ya zagaya shi sau biyu yana girgiza kai. "Ki gaya wa mijinki na gaishe shi. Ki ce na ce in zai sake ajiye babur haka, ya haƙa rami ya binne shi, ya fi mutunci."

Ya zage ya yi aiki kwana biyu, don na 'yarsa ne. Ya zubar da ruɓaɓɓen fetur, ya wanke tanki, ya kwance kafireto ya busa kowace kafa. Batir ya mutu murus, ya sa sabo. A akwatin matatar iska ya tarar ɓera ya tare da iyalinsa, har da ajiyar hatsi ta damina. Ya juye baƙin mai, ya jiƙa sarƙa, ya ba tayoyi iska. Da inji ya tashi ya cije sukudireba ya saurara, ya ji shi sumul, sai ya yi murmushi.

Abin da bai yi ba shi ne ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta da hannu. Kowane sabon bakanike zai yi haka ga baburin da ya daɗe a danshi. Shi kuwa shekara arba'in kunne ne ke aikensa: inda ya yi kuka nan hannu ke zuwa, inda ya yi shiru ba ruwansa. Haƙori kuma inji kawai yake ji, shi ma sai babur na tsaye.

Ranar da Auta za ta karɓa, da safe, ya hau don gwaji. Tun da taya ta fara juyawa ƙafar gaba ta ɗauki wata siririyar ƙara, ƙiii-ƙiii, kamar ana jan ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa. Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa. Mata masu wucewa suka toshe kunne. Kunne ya ga duk layi ana kallonsa, sai ya ƙara miƙe wuya, har yana ɗaga wa mutane hannu. Ya je ƙarshen titi ya dawo, ya kafe babur, ya buga sirdin da tafin hannu. "Ya zama sabo."

Ba wanda ya ce uffan. Wa zai gaya wa Kunne cewa babur na ƙara? Mai faci ya ce a ransa, tsohon ya ji, ya san abinsa. Dogo, da ya tsallako kallo, ya ji sarai, amma ya ɗauka tarko ne aka ɗana masa don a sake yi masa dariya, sai ya ja bakinsa ya tsuke.

Auta ta iso cikin farin kayan aiki, jaka a kafaɗa, tana duba agogo. Ta gaishe da mahaifinta, ta kama kan babur ta tura shi taku uku. Sai ta tsaya, ta yamutsa fuska, ta juyo.

"Baba, wannan ƙarar fa?"

Ya ga bakinta, ya kama maganar sarai. Wace ƙara? Ko inji ba a tayar ba. Ya dubi mai faci, ya dubi mai walda, ya dubi Dogo, ya ga duk sun zuba masa ido suna jiran hukunci. A nan ya gane cewa kowa a layin nan ya ji wani abu, sai shi.

Bakinsa ya riga shi. "Zama ne. In ya yi tafiya zai saki."

Auta ta saki fuska. "To, tunda ka ce ba komai, shi ke nan. Na makara, Baba."

Ta hau, ta tayar, ta gyara jaka. Ko sake duban ƙafar ba ta yi ba, don tun tana rarrafe ta san in Baba ya ce babur lafiya, to lafiya ne. Wannan yardar ce ta soke shi. Ya san hanyar asibitin nan kamar tafin hannunsa: akwai dogon gangare, akwai kwana a ƙarshensa, akwai manyan motocin yashi da ba sa taka birki don kowa. Ta sa giya, babur ya motsa, sai ta ji an riƙe shi ta baya. Ta waiga. Hannun mahaifinta ne a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, jijiyoyinsa duk sun tashi.

"Kashe," ya ce. Ta kashe.

Bai saki kariyar ba. Ya ɗaga murya, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, don ya daɗe bai san ƙarfin muryarsa ba. "Dogo! Zo ka saurara mini. Ban ji ba. Yau shekara uku ba na ji."

Auta ta sauko a hankali, hannunta a baki. Dogo ya matso, ya tsaya gabansa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗage leɓensa na sama, ya nuna guntun haƙorin da yatsa.

"Baba, wato sauraron manya...?"

"Kurumta ce, ɗana."

Mai faci ne ya fara tuntsirewa, mai walda ya bi. Dogo ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zama, ya kama ƙugu yana girgiza kai yana cewa, "Allah ya isa, Baba, Allah ya isa!" Kunne bai yi dariya ba. Ya san kafin rana ta take labarin zai kai ƙarshen layi ya tsallaka, kuma ya san akwai waɗanda daga yau tsallaken titi za su riƙa kai baburansu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ji yana so ya janye maganar ba.

Dogo ya tura babur gaba da baya, ya karkata kai. "Daga gaba take, Baba. Amma ban rabe ba, ko birki ne ko wani abu."

"Dube ni in za ka yi magana. Tana zuwa tana ɗaukewa, ko a jere take?"

"A jere."

"Ja birki kaɗan ka tura. Ta canza?"

"Ba ta canza ba."

"Akwai gurza a ƙarƙashinta, kamar ana niƙa tsakuwa?"

Dogo ya sake saurarawa, ya zaro ido. "Akwai!"

"Boris ne. Ɗauko sifana."

Suka ɗaga gaban babur a kan kututture, suka zare ƙafar. Boris, ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ruwan sito ya shige su ya cinye. Da Kunne ya zura yatsa, sai suka zubo masa a tafin hannu, ja-ja da tsatsa, biyu a farfashe. Ya tsaya yana kallonsu. Auta ma ta leƙa, ta dubi mahaifinta, sai ta ajiye jakarta a kan benci ta zauna. Zancen makara ya fita daga ranta.

Da kansa ya sa sababbi, ya cika su da giris, ya mayar da ƙafar, ya ɗaure. Ya kama tayar ya wulwula ta da ƙarfi, ta yi ta juyawa a iska. Ya tsuguna a gabanta, kansa a karkace yadda ya saba tun yana saurayi, bai ji komai ba. Amma ɗazu ma ai bai ji komai ba.

Ya ɗago kai, a gaban mai faci da mai walda da Dogo da duk wanda ya tsaya kallo, ya dubi 'yarsa.

"Auta, ya yi shiru?"

Ta taso ta tsuguna daidai fuskarsa, yadda zai ga bakinta sosai. Idonta ya cika, amma ta buɗe baki ta faɗa masa dalla-dalla.

"Ya yi shiru, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, hau ki tafi. Ki bi gangaren nan a hankali."